Ƙurar Rimi da Kunyar Ɗan Fari

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a maƙabartar Shagari.

Assalamu alaiki. Na durƙusa na gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah ya yalwata makwancinki. Mu nan Boɗinga muna cikin alheri, sai dai abin da zan gaya miki.

Kada ki yi mamakin takarda. Na shiga ajin manya da hukumar En'e ta buɗe, na koyi baƙin boko bayan furfura ta fara leƙo gemuna. Malaminmu ya ce kowa ya rubuta wa wani nasa wasiƙa. Wasu suka rubuta wa 'yan'uwansu da ke ci-rani, ni kuwa na zaɓe ki, ke da ko kina da rai ba za ki karanta ba. Ya ce zai karanta a gaban aji. Na ce ya karanta, maganar ta daɗe a ɓoye, ya isa haka.

Kin bar ni ina ɗinkin taguwa da wando. Yanzu katifa nake yi. Tun da sojoji suka dawo daga yaƙin Turawa da labarin gado mai laushi, malaman ofis suka ɗauka, angwaye suka bi, tabarma ta zama abin raini. Fatake na kawo mini audugar rimi daga kudu cikin buhuna. In zazzage ta a rumfa, in yi ta bugu da tsumagiya har 'ya'yan su zube ta tashi, sannan in cusa in ɗinke. In la'asar ta yi sai in karkaɗe abin da ido ke gani a rigata, in kama hanyar gida.

A gida akwai Uwani, shekararta biyar. Ba ki gan ta ba, damina biyu bayan rasuwarki aka haife ta. Sunanki aka raɗa mata, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunanta na yanka. Ta ɗauko goshinki, ta ɗauko taurin kanki. Da ta ji sallamata za ta fito a guje, ta cusa fuskarta cikin rigata, hannu na laluben aljihu ko na zo da ƙuli-ƙuli.

Bara da kaka ciwo ya fara kama ta. Na ɗauke ta kamar kullum, kafin a kira magariba ƙirjinta ya soma wani siririn kuka, irin na sarewar kara da yara ke busawa. Ramin wuyanta na lotsawa, kafaɗunta na ɗagawa. Iska na shiga da ƙyar, fitarta kuma ta fi wuya. Tana kallona da idanu a buɗe, ba ta da numfashin da za ta yi kuka da shi. Inna, ban taɓa sanin numfashi aiki ne ba sai ranar. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Tsofaffi suka ce fuka ce. Ta zo ta tafi, ta sake dawowa. Matata Saude ce ta fara lura da wani abu, ta riƙe shi a ciki kwana da kwanaki kafin ta iya faɗa mini, kanta a ƙasa. Ranar da ban fita kasuwa ba, yarinya lafiya lau. Ranar da na dawo na ɗauke ta, sai ciwo. Na yi mata faɗa, na ce wace irin magana ce wannan. Ba a jima ba na tafi Sakkwato sayen yadi, na yi kwana huɗu, Uwani ko tari ba ta yi ba. Na dawo na wuni a rumfa na shiga gida, kafin rana ta faɗi tana kwance.

Kin san mutanenmu, ba a rasa masani. Surukata ta taso daga Lambara, ta ce ai magana a fili take, wa bai san rimi gidan iskoki ba ne? Ta ce, "Kana bugun kayansu dut yini, kuma ka aza ba su biyo ka gida?"

Mutuniyar kirki ce, tana son jikarta kamar ranta. Ta sa garwashi a kasko, ta zuba saiwoyi da ƙaro, ta lulluɓe yarinyar da zane don ta shaƙi hayaƙin. Ba a daɗe ba jikin Uwani ya saki. Saude ta fizge zanen, ta sungume ta ta yi tsakar gida da ita. Surukata ta ce iskokin ne ke gardama. Ni kuwa na ɗauke kaskon na kai inda ba a sake ganinsa ba.

Aka yanke cewa in nisanci yarinyar. Na ce in bar sana'ar mana, aka ce ko na bari iskokin sun riga sun san ni. Na koma zaure, can ake kai mini tuwo. In ta taho a guje sai in ɗaga hannu. Wata huɗu muka yi haka, ta kuwa sami sauƙi, sauƙin nan ya fi komai yi mini ciwo. Na zama uban da ke cutar da 'yarsa in ya rungume ta.

Ranar farko da na ɗaga mata hannu na ce, "Tsaya nan," sai na ji muryarki ta fito daga bakina.

Ni ne ɗanki na fari. Ba ki taɓa kiran sunana ba, wancan yaron nake. Ina ganinki har yanzu a inuwar rumbu kina shiɓa, tsirkiyar baka na ƙara, auduga na tashi tana sauka a gashin girarki. Ƙannena na hawa bayanki, suna jan zanenki, ba ki hana su. Ni kuwa da na matso, ko ɗagowa ba ki yi, sai in ji, "Tsaya nan." Wani lokaci ki tsinki ɗan guntun auduga ki sake shi, ki bi shi da ido ki ga inda ya nufa, sannan ki nuna mini ɗaya ɓangaren da haɓa. Na ɗauka wasa kike da auduga don kada ki dube ni.

An gaya mini kunya ce, uwa ba ta sakewa da ɗan fari. Na sani, ba ni kaɗai ne ɗan fari a Shagari ba. Amma taki ta wuce ta kowa. Uwayen wasu sukan ja su jiki in ba idon mutane. Ke ko mu biyu ne a gidan ba ki yi.

Sai ranar Juma'a. Maza na tafiya masallaci sai ki fito da wankakken zane, kanki da sauran danshi, ki ce in zo a duba mini kai ko akwai kwarkwata. Ba kwarkwata, ke ma kin sani. Ki kwantar da kaina a cinyarki, ki shafa mini man shanu a ƙirji da baya, ki ɗora tafin hannunki tsakanin kafaɗuna ki yi shiru. Ina jin ƙanshin sabulun salo a jikinki. Da an ji muryar maza a ƙofa sai ki ce in tashi. Na ɗauka satar so kike yi don ba mai gani, na kuma riƙa tambayar kaina me ya sa son nawa kaɗai ne sai an sato.

Bari in gaya miki gaskiya tunda yau ranarta ce. Na yi fushi da ke, fushi mai tsawo. Da na yi aure na koma Boɗinga, na fake da nisa, alhali ba wani nisa ba ne, sai salla zuwa salla kike ganina. Da ciwon ajali ya kwantar da ke na zo, na zauna a bakin ƙofa kamar yadda na saba, ƙannena na riƙe da hannunki. A raina na ce kunya ta biya kunya. Allah ya yafe mini wannan zaman.

To, ina cikin wata na huɗu a zaure, sai malamin asibitin garinmu ya zo rumfata yana son matashi. Ya ga na rame, ya tambaya. Na kwashe labarin iskokin rimi na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya ce in tsaya inda rana ke ratsowa ta tsagar zana, ya tambaye ni ko na karkaɗe rigata. Na ce yanzun nan. Sai ya ɗaga hannu ya bugi kafaɗata sau ɗaya.

Inna, abin da ya tashi daga rigar nan da nake rantsuwa fes take! Cikin hasken nan na ga ƙura wadda ba ta ƙirguwa, ƙanana fiye da tunani, suna juyawa, suna hawa, suna sheƙi. Na matsa gefe cikin inuwa, babu komai. Na dawo, ga su nan. Muka tsaya muna kallo, na jira su sauka, suka ƙi sauka. Shekara nawa ina zaune cikinsu ban sani ba. Malamin ya ce, "Ga iskokin naka nan."

Daga nan ya ja ni layin mahauta, ya sa aka ɗauko huhun rago. Mahaucin ya kafa baki a maƙogwaron ya hura. Abin nan da ke yashe a faranti ya tashi, ya cika, ya yi ja-ja mai haske, da ya saki kuma ya kwanta a hankali. Sannan malamin ya karɓi wuƙa ya tsaga maƙogwaron yana bi. Hanyar ta rabu biyu. Kowace ta sake rabuwa, waɗannan ma suka rabu, har bakin wuƙa ya yi musu kauri, ya ce kuma ba su ƙare ba, akwai waɗanda suka fi zaren kaɗinki siranta, ido ba ya kai musu. Itace ne sosai, da gindi da rassa, Allah ya kife shi cikin ƙirji.

Subhanallahi. Tun ina yaro nake cin huhu a miya, ban taɓa dubansa ba. Na ɗaga kai na kalli kasuwa, masu albasa da masu hatsi, ana ciniki ana rantse-rantse, kowa na ɗauke da wannan abin a ƙirjinsa yana buɗewa yana rufewa, ba wanda ya umarce shi, ba wanda ya gode masa. Sai da na nemi wuri na zauna.

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Babbar ƙura hanci ke tare ta, a yi atishawa ta fita. Ƙaramar da na gani cikin haske ita ce mai wucewa har can ƙarshen rassan. Yawancin mutane jikinsu na jure mata, ko da yake ya ce ni ma kada in saki jiki. Amma wasu Allah ya yi hanyoyin numfashinsu da saurin fushi. Yadda ido ke ja, ya kumbura, ya yi ruwa in ƙaiƙayin gero ya faɗa masa, haka cikin hanyoyin ke kumbura, majina ta taru, su tsuke. Iska na neman wucewa ta ƙuntatacciyar hanya, shi ne kukan da nake ji. Hayaƙi ma ƙura ce, ta ma fi ta rimi ƙanƙanta. Da ya faɗi haka na tuna kaskon nan.

Ya ba ni ƙwayoyin da za a ba ta in ciwon ya tashi, ya ce buɗe hanya kawai suke yi, ba sa hana ƙura shiga. Ya tambaya ko akwai mai irin ciwon a danginmu, don yakan bi jini. Na ce babu. Ya ce in dai tambayi manya.

Manyan da suka rage sai Goggo Kulu, ƙanwar Baba, can Horo Birni. Idonta ya tafi, amma bakinta na nan yadda kika san shi. Na gaishe ta, na yi tambayata. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kai ka tambaya ta? Ai kai na mai hukar gidanmu."

Ni ne mai fuka, Inna. Ni da ban taɓa tuna ranar da numfashi ya yi mini wuya ba.

Ta ce da kika haife ni ba ki da kunya ko ta sisin kwabo. Kina goye da ni kina gurzar auduga, kina goye da ni kina shiɓa, kina yi mini waƙa a gaban surukai, har mata na zunɗenki suna cewa wannan ba ta sami tarbiyya ba. Ina kusan shekara biyu ƙirjina ya fara kuka. Ke kika lura: in kin yi shiɓa da ni a baya, in kin yi sheƙa ina kusa, ranar ba lafiya. Kika gaya wa Kaka, uwar Baba. Kaka ta ce audugar da muke rufe tsiraici da ita, mu tafi kabari da ita, ita za ta cuci yaro? Aka yi mini turare irin wanda aka yi wa Uwani, saura ƙiris a rasa ni.

Mace a gidan nan ba ta ajiye mazari ta ce don ƙura, da zarenki ake saƙa abin da gida ke sawa. Kwana biyu bayan turaren kika kwance goyo, kika ajiye ni, kika daina kallona a gaban mutane. Mata suka ce madalla, yarinya ta yi hankali. Ga yadda Goggo ta faɗa, ban canza ko kalma ba: "Da tac ce ƙura ta, da an yi mata dariya, a aza ka bisa bayanta. Sai tac ce kunya ta. Ba wanda ka gardama da kunya."

Goggo kaɗai ta sani, don ta taɓa iske ki bayan rumbu da majanyi a hannu kina kuka, kika sa ta yi alkawari. Ta ce guntun audugar da kike saki, iska kike aunawa, don ki zaunar da ni inda ƙurar ba ta bi. Ta ce tun yammacin Alhamis kike ɗauke hannu daga auduga, ki wanke kai da jiki, zanen Juma'a kuma a cikin tukunya mai murfi yake kwana shida. Hannun da kike ɗora mini a baya, sauraro kike da shi.

Na baro Horo Birni a ƙasa, ban san lokacin da na iso Shagari ba. Abin da ya cika mini kai shi ne, yaya kika gani? Ba wanda ya tsaga miki huhu, ba wanda ya tsayar da ke cikin haske ya bugi kafaɗarki. Abin da malami ya je makarantar Turawa ya koyo, ke kin tsince shi a gindin rumbu da ido da kunne kawai. Duk gidan suna ganin auduga fara ce mai laushi, ke kaɗai kika ga abin da ke tashi daga cikinta. Ni wata huɗu na riƙe hannuna, na kusa zaucewa. Ke shekara nawa?

Amma ina da ƙorafi, kuma sai na yi shi. Da Kaka ta rasu, da ƙirjina ya yi ƙwari, me ya hana ki kira ni ki ce, wancan yaron, zauna ka ji? Magana ɗaya ta ishe ni. Na yi ta wannan faɗan da ke a hanya, har na kai inda dole in tambayi kaina ko na taɓa zama kusa da ke yadda za a iya gaya mini magana irin wannan. Ban taɓa ba.

Yanzu riga biyu gare ni. Ta aiki a rumfa take kwana. In zan yi bugu sai in naɗe hanci da baki da rawani, maƙwabta na kirana Buzu, ina amsawa. In na tashi, rijiyar bayan kasuwa nake fara zuwa, in wanke kai da gemu har cikin kunne. Saude ta fitar da murhu daga rumfar da yarinyar ke wasa, ba ta kuma shara sai ta yayyafa ruwa. Surukata ta ce dama iskoki ba sa son ruwa. Na ce mata gaskiyarta ce, muka rabu lafiya.

Ranar da na fara yin haka na wuce zaure kai tsaye, na yi sallama a tsakar gida. Uwani ta fito. Ba ta yi gudu ba. Ta zo daidai inda na saba tsayar da ita, ta durƙusa, ta gaishe ni daga nesa, ba wanda ya ce ta yi. Na buɗe hannu na ce ta taho. Ta dubi uwarta, ta dube ni, ba ta motsa ba. Can ta ce, "Baba, in na taho ba ni yin tari. Na iya riƙe shi yanzu."

Ashe duk watannin nan ta ɗauka tarinta ne ya ishe ni na kore ta. Saude ta ce takan gan ta a bayan ɗaki ta toshe baki da hannu biyu, tana koyon haɗiye tari.

Ban jira ta taho ba, ni na je. Na ɗauke ta, ta sandare kamar baƙuwa, sannan a hankali ta saki jiki ta cusa fuska cikin rigar. Na zauna a ƙasa na kafa kunne a bayanta. Iska na shiga, tana fita, ba kuka, ba sarewa. Na yi ta sauraro har aka kira magariba, ban iya tashi ba, a gida na yi salla ranar tana zaune a gefen buzuna. Da na sallame na juyo na gaya mata komai da baki. Na ce ƙura ce a rigata, ba ita ba ce, ba ta yi laifin komai ba, in tari ya zo ta yi abinta a gabana da ƙarfi. Ban san nawa ta gane ba. Zan sake gaya mata baɗi, da baɗin baɗaɗa, har ta gaji da ji.

Ba zan ce miki ta warke ba. Ciwon ya tashi sau biyu tun daga nan, da sauƙi dai. Ga kaka ta ƙarato, za a fara sussuka, ƙaiƙayi zai cika gari, ba ni da rijiyar da zan wanke garin duka. Ina jin tsoro. Amma in ya zo, a hannuna zai same ta.

Allah ya jiƙanki, Inna. Ya buɗe miki ƙofar da sanyin Aljanna ke shigowa, ya saka miki da kowace rana da kika so ɗaukata kika fasa. Ya raya mai sunanki, ya sassauta mata numfashi. In kuma ya ƙaddara mu haɗu inda babu ciwo, ina roƙonsa ya ba ni wurin zama kusa da ke. Amin.

Naki,
Umaru mai katifa, Boɗinga.